Yadda Ƙauyukan Nijar Suka Cika

A ƙasashe da yawa na duniya labarin ƙauye kusan iri ɗaya ne. Samari su kan ajiye fartanya su nufi birni, birni ya yi ta kumbura, har wata rana a ƙirga a tarar mutanen birni sun rinjayi na ƙauye. Ingila ce ta fara kai wannan matsayi, a ƙidayar 1851. Ƙasar Sin mai ɗimbin manoma ta kai a 2011. A nan kusa da mu ma, ƙidayar Gana ta 2010 ta nuna fiye da rabin mutanen ƙasar a birane su ke zaune. Nijar kuwa ba ta bi wannan hanya ba. Biranenta sun girma, gaskiya ne, amma ƙauyukanta ba su ragu ba. Cika suka yi, suka haifi waɗansu ƙauyuka, waɗannan kuma suka cika. Labarin wannan cikar mu ke so mu ba ku, gama yawancin masu karanta wannan takarda, in ba a ƙauye aka haife su ba, to, suna da gadon gona a can.

Bari mu fara da lissafi, mu gama da shi tun da wuri. Sa'ad da Nijar ta sami mulkin kanta, ran 3 ga Agusta 1960, mutanenta wajen miliyan 3 ne, cikin kowane mutum ɗari kuwa kamar 94 a ƙauye ko a ruga su ke zaune. Yamai, babban birnin ƙasar, mutum wajen 30,000 ne a cikinta. A 1977 aka yi ƙidayar farko ta dukan ƙasa, aka sami mutum miliyan 5 da dubu 100. A 1988 aka sami miliyan 7 da dubu 250, a 2001 miliyan 11, a 2012 kuwa fiye da miliyan 17. A wannan shekara Yamai ta haura mutum miliyan ɗaya, duk da haka wajen 84 cikin ɗari na mutanen ƙasar suna ƙauye. Watau cikin shekara 52 mutanen ƙauye sun tashi daga ƙasa da miliyan 3 sun wuce miliyan 14. Inda mutum ɗaya ya ke a da, an sami biyar.

Kada girman ƙasar ya ruɗe ku. Nijar ta fi Nijeriya faɗi nesa ba kusa ba, amma wajen kashi biyu cikin uku hamada ce. Ƙasar noma wani siririn ƙyalle ne a gefen kudu, ya taso daga kogin Kwara ya bi iyaka har Tafkin Cadi. A kan wannan ƙyalle jama'a su ke. Jihohin Damagaram da Maraɗi da Tawa, su uku kaɗai, sun ɗauki fiye da mutum miliyan 10 a ƙidayar 2012.

Kakanninmu da za su tashi su ga wannan, da sun yi mamaki ƙwarai, domin a zamaninsu ƙasa ce ta ke da yawa, mutane su ne abin nema. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, sarakunanta na da suka yi arewa, suka zauna a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri a 1836. Daga nan har ƙarshen ƙarnin, hari bai yanke ba tsakaninsu da maƙwabtansu na kudu. Wanda ya yi gida shi kaɗai a daji, ya ba da kansa da iyalinsa ga masu kamun bayi ke nan. Saboda haka mutane suka cunkushe a kwarin Gulbin Maraɗi da 'yan garuruwa masu ganuwa ko kafi, suna noma kusa da ƙofa, inda in an ji kuwwa za a iya sheƙawa a shiga. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya bi ta Tasawa da Gazawa a watan Janairu 1851. Ya tarar da Gazawa a kewaye da kafi, tsakaninta da Katsina kuwa daji ne mai ban tsoro, ga kufai a cikinsa. Wanda ya san yankin nan a zamaninmu ya san gona ce ta ke kama da gona.

Faransawa suka shigo da wuta. Rundunar Voulet da Chanoine ta 1899 ta ƙone Birnin Ƙonni da garuruwa masu yawa a kan hanyarta, ta kashe mutane ba iyaka. Ba a manta ba, bai kuwa kamata a manta ba. Amma bayan da mulkinsu ya zauna, aka shata iyaka tsakaninsu da Ingilishi, hari ya mutu, sai wani abu ya faru wanda ba su ne suka shirya shi ba. Mutane suka fito daga bayan ganuwa suka bazu cikin daji.

Ga yadda a kan yi. Maharbi ko wani magidanci mai ƙarfin hali ya kan ga wuri a kan jigawa, ya je ya gaya wa sarki, ya ɗebi ƙannensa da 'ya'yansa su sare daji. Babban aikin shi ne rijiya, gama a kan tudu ruwa yana da nisa, a kan yi gaba ashirin ko talatin kafin a tarar da shi. In rijiya ta ba da ruwa, gari ya kafu. Baƙi su zo su roƙi wurin sassabe, a nuna musu da hannu a ce daga itacen can zuwa tudun can. Wanda ya haƙa rijiyar shi ne mai gari, zuriyarsa kuma su gaje shi. Ku dubi sunayen ƙauyukanku, labarin yana ciki: Gidan Wane, Garin Wane, Tungar Wane, Rijiyar Wane, Sabon Gari. Yawancin masu irin waɗannan sunaye ba su daɗe kamar yadda yara su ke tsammani ba. Akwai kuma bayin da suka rabu da iyayengijinsu bayan dokar hana bauta ta 1905, da Bugaje waɗanda suka bar bin Abzinawa, su ma suka sari daji suka zama manoma masu gonar kansu.

Ba neman gona kaɗai ya watsa mutane ba. Akwai kuɗin kai, wanda a ke ce wa lanho, akwai kuma aikin tilas na gyaran hanya da ɗaukar kaya da gine-ginen gwamnati. Wanda ya yi tunga nesa da hanya ya yi nesa da idon dogari. Waɗansu garuruwa ma ɗungum su kan tashi da dare su ƙetare iyaka zuwa ƙasar Ingilishi. Sai a 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ta ke mulki. A waɗannan shekaru jama'a ba ta ƙaruwa da sauri, domin abin da haihuwa ta kawo, yunwa da annoba su kan kwashe. Ƙirgen da Faransawa suka yi a 1921 ya ba da mutum miliyan ɗaya da 'yan kai, ko da ya ke ƙirgen haraji ne, kowa kuwa ya san ba a kan fito da dukan 'ya'ya a gaban mai rubuta haraji ba. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda tsofaffi su ke kira Kakalaba, ta yi ɓarna daga Tawa har Damagaram har cikin ƙasar Kano. A 1931 fara ta cinye hatsin ƙasar Zabarma, aka ci gaba da karɓar haraji a tsakiyar yunwa, ƙauyuka suka watse, masu sauran ƙarfi suka nufi Nijeriya da Gwalkwas, watau Gana.

Sai gyaɗa ta zo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, kanti-kanti suka buɗe a Maraɗi da Tasawa da Magarya da Damagaram suna sayen gyaɗa. Manomi ya sami abin da zai biya lanho, ya sayi turmin atamfa, ya yi wa ɗansa aure. Amma gyaɗa ba ta ƙoshar da gida, dole a yi mata gonarta dabam, a bar ta hatsi dabam. Kowane gida ya ƙara sassabe. Aka kuma yi dace, ko kuwa a ce rashin dace, shekarun 1950 har zuwa tsakiyar na 1960 shekarun ruwa ne sosai. Inda tun kaka da kakanni ba a san shi da kome ba sai kiwo, aka shuka gero ya yi. Manoma suka yi ta matsawa arewa, wajen Dakwaro da Tanut da arewacin Tawa da Filinge, cikin makiyayar Fulani da Abzinawa. Gwamnatin Diori Hamani ta ga inda abin ya nufa, ta yi doka a watan Mayu 1961, ta ja layi ta ce daga nan zuwa arewa ba noma, ƙasar kiwo ce. Dokar tana da kyau a takarda. Amma ba a tsare mai neman abinci da layin da ba ya gani, gonaki suka ƙetare shi. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA domin cinikin gyaɗa, wajen 1966 da 1967 kuwa abin da ƙasar ta ke nomawa ya kai kamar tan 300,000 a shekara. Gyaɗa ce babbar abin da Nijar ta ke sayarwa waje a lokacin.

Daga 1968 ruwa ya fara ja da baya, 1973 ta zo da fari wanda ba a ga irinsa ba tun Kakalaba. Waɗanda suka fi shan wuya su ne makiyaya da manoman nan da suka yi nisa arewa. Garkuna suka ƙare. Mutanen da ba su taɓa roƙon kowa ba suka taru a sansani a bakin garuruwa suna jiran rabon tsaba. Sansanin Lazare na bakin Yamai ya zama unguwa daga baya. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja suka kawar da Diori, Seyni Kunce ya hau, maganar abincin taimako kuwa tana cikin manyan dalilan da suka bayar. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa ta lalata ta, ba ta sake komawa matsayinta na da ba. Manoma suka juya ga wake, wanda su ke sayar wa Nijeriya, waɗansu ga aya, mutanen kwarin Galmi da maƙwabtansu kuwa ga albasa. Shekara goma bayan wannan, a 1984, fari ya komo. Ya tarar Nijeriya ta rufe iyakarta tun watan Afrilu, ba a buɗe ba sai a 1986, hanyar da mai jin yunwa ya saba bi ta toshe. Shi ya sa mutane suka sa wa yunwar nan suna El Buhari.

To, mai karatu zai ce, in haka ƙasa ta sha wuya, ƙaƙa mutanenta suka riɓanya har sau biyar? Amsar tana wurin yara. Ba haihuwa ce ta ƙaru ƙwarai ba, mutuwa ce ta ragu. Allurar rigakafi ta kawar da agana daga Afirka ta Yamma wajen 1970, ta rage ƙarfin ƙyanda. Motoci da hanyoyi suka sa hatsi yana isa inda a ke yunwa, ko da a makare. Duk da haka binciken lafiya na 1992 ya nuna cikin yara 1,000 da a ke haifa, 318 ba su kai shekara biyar. Ku tsaya ku auna wannan: kusan ɗaya cikin uku. Ba uwar da ta kai tsufa a ƙauye ba ta binne nata ba. A 2006 lissafin ya sauko 198, a wannan shekara kuma gwamnati ta sa a riƙa duba yara ƙanana kyauta, aka yi ta rabon gidan sauro. A 2012 ya sauko 127. Wannan abin godiya ne, kada kowa ya ce ba haka ba. Haihuwa kuwa ta tsaya inda ta ke. Binciken 2012 ya nuna macen ƙauye ta kan haifi 'ya'ya takwas a rayuwarta, ta birni biyar ko shida. Tsakanin 2001 da 2012 jama'a tana ƙaruwa da kusan 4 cikin ɗari kowace shekara, irin wannan gudu kuwa ya kan riɓa mutane biyu cikin shekara 18.

Masu zama a ofis su kan yi wa manomi dariya saboda yawan 'ya'ya. Ba wauta ba ce. Mutumin da ya tashi ya ga daji ba iyaka, ya ga mai hannuwa da yawa a gandu shi ne mai rumbu da yawa, ya ga kuma ba mai riƙonsa in ya tsufa sai ɗansa, lissafinsa daidai ne a zamaninsa. Abin da ya sake shi ne dajin ya ƙare.

A 1961 gonakin gero na ƙasar duka ba su kai hekta miliyan 2 ba. Wajen 2012 sun kai kamar miliyan 7. Amma abin da hekta ɗaya ta ke bayarwa bai ƙaru ba, buhu huɗu ne ko biyar in shekara ta yi dama-dama. Watau ba gyaran gona ya ciyad da ƙarin jama'a ba, faɗaɗa ta ne. A da in gona ta gaji a kan bar ta saura shekaru, ta huta, sabara da kalgo su rufe ta, shanun Fulani su kwana a ciki su bar taki. A kudancin Maraɗi da wajen Magarya da Matamai, saura ta zama labari. Ku ɗauki misali: mutum yana da hekta 12, ya bar 'ya'ya maza huɗu, kowa ya sami 3. In kowannensu ya bar huɗu, jikoki ba mai samun ko hekta ɗaya cikakkiya. Gandu ya kan fashe tun uba yana da rai. In shekara ta ɓaci a jinginar da gona, in ta sake ɓaci a sayar, mai saye kuwa sau da yawa ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci daga birni. Ƙasar da a da a ke nunawa da hannu a ba baƙo kyauta, ta zama abin da 'yan'uwa ciki ɗaya su ke kai ƙara a kansa.

Waɗanda aka fara matsewa su ne mata. Al'adar ƙasar Maraɗi ce miji ya yanka wa matarsa gamana, ta noma abinta, ta yi bikinta da shi, ta cike gibin tukunya in rumbun gandu ya ƙare. Da gonaki suka ƙanƙance, gamana ce ta fara tafiya. A waɗansu ƙauyuka an sami 'yan mata da suka tashi ba su iya riƙon hauya ba, ba domin hutu ba, domin ba inda za su noma. Na biyu su ne makiyaya. Gona ta ci burtali, ta ci mashekari, ta kewaye rijiya da tafki. Rigimar ɓarna wadda a da mai gari ya kan kashe da 'yar tara, ta koma ta jini. A watan Oktoba 1991, a Toda cikin jihar Maraɗi, aka kashe Fulani fiye da ɗari, yawancinsu mata da yara. Abin kunya ne ga ƙasa duka. A 1993 aka yi babbar dokar karkara, aka kafa hukumomin da za su rubuta gonaki su shata burtali. Inda aka yi aikin da gaskiya an sami sauƙi.

Me ya hana mutanen nan kwararowa birni su zauna, kamar na sauran ƙasashe? Birni ba shi da abin da zai ba su. Masana'antu kaɗan ne. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, kuɗinsa ya gina ofisoshi da hanyoyi, amma hannuwan da ya ɗauka 'yan dubbai ne, kasuwarsa kuma ta faɗi a shekarun 1980. Sai ƙauye ya riƙe tsohuwar dabararsa, watau cin rani. In an gama girbi namiji ya rage wa rumbu baki, ya tafi Kano ko Ikko ko Kumasi ko Abijan, daga baya har Libiya da Aljeriya, ya yi ga-ruwa ko dako ko gadi ko tallan shayi, ya aiko da abin da ya samu, ya komo da ruwan fari. Mata da yara da tsofaffi su ne masu tsaron gida. Mai ƙidaya ya rubuta shi mutumin ƙauye, haka ne kuwa, amma rabin abincin gidansa daga wata ƙasa ya ke zuwa. Wannan dabara tana rataye da ƙofar maƙwabci. Gana ta kori baƙi a 1969, Nijeriya ta kora a 1983 da 1985, yaƙin Libiya na 2011 ya komo da dubun dubatan samari hannu wofi. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu mata ne da yara, mafi yawa daga wajen Kance, inda ƙasa ta fi ko'ina matsewa.

Akwai abu guda da ya gyaru a inda ba a zata ba, shi ne itace. Wajen 1980 gonakin Maraɗi sun zama fili fetal, gama an koya wa manomi gonar kirki ita ce wadda aka share ƙaf, itace kuma na gwamnati ne, in ka sare a ci ka tara, saboda haka ba mai son ya tsiro masa. Iska ta kan binne shuka sau biyu sau uku. An dasa itatuwa da kuɗi mai yawa, yawancinsu suka mutu. A 1983 Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya da ke aikin gona tare da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura 'yan tsiron da a ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana ƙasa. In an zaɓi reshe biyu ko uku an bar su, an datse saura, cikin 'yan shekaru sai su zama itace. Da fari mutane suka ƙi. Yunwar 1984 ce ta sa da yawa suka gwada, domin an haɗa aikin da rabon abinci, da rabon ya ƙare kuwa waɗansu suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari suka ga itacen girki a gonarsu, da ganyen dabbobi, da gero mai kyau a gindin gawo, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Aka sa masa suna sassaben zamani. A wajen Magarya da Matamai ma manoma sun yi ta renon gawo da kansu. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, masana suka duba hotunan da aka ɗauka daga sama, suka kiyasta wajen hekta miliyan 5 sun sake yin itace, kamar itatuwa miliyan 200. Abin lura, inda mutane suka fi yawa, nan itatuwa suka fi yawa. Wannan bai hana yunwar 2005 ba, wadda ta cika asibitocin Maraɗi da yara ramammu, amma gidan da ke da itacen sayarwa ya fi maƙwabcinsa jurewa.

A 'yan shekarun baya wani tsohon abu ya komo, watau tsoro. Daga 2015 harin Boko Haram ya tashi ƙauyukan bakin Komadugu da tsibiran Tafkin Cadi, mutane suka yi bukkoki a gefen babbar hanyar Difa. A yamma, cikin Tilaberi da arewacin Tawa, 'yan bindiga sun kashe mutane da yawa a 2021, ƙauyuka suka tashi suka bar gonakinsu. Daga 2019 kuma dubban mutanen Zamfara da Sakkwato suka ƙetaro suka sauka a ƙauyukan Gidan Runji da kewaye, waɗanda su kansu ba su da gonar da za su ba baƙo.

A 2023 an kiyasta mutanen Nijar sun kai wajen miliyan 26, fiye da huɗu cikin biyar kuwa a ƙauye. Binciken 2021 ya nuna haihuwa ta fara sauka, ta komo kamar shida ga kowace mace. Amma wannan ba zai rage masu neman gona da wuri ba, domin an riga an haife su. A ƙidayar 2012 wajen rabin mutanen ƙasar yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Da yawa cikinsu sun isa aure, sun fara zuwa wurin iyayensu suna tambaya ina za a yanka musu.